Tef Mai Fuska Biyu: Yadda Ƙafa da Mita Suka Haɗu a Sakkwato

Rigimar da ta sa muka ɗauki alƙalami ba ta fi ɗani ɗaya ba. A layinmu, nan Arkilla, wani dattijo ya sayi fili tun shekarun baya, ya bar shi awaki na kiwo a ciki. Da Allah ya hore masa abin gini sai ya kira birkila, aka ja igiya, aka haƙa fandisho. Bulo ya kai sahu uku ke nan, maƙwabcinsa, wani matashin malamin makaranta, ya fito da takarda a hannu ya ce katangar ta shigo masa. Kafin la'asar magana ta kai gaban mai unguwa, mu kuma da ba a rasa mu wurin kallo muka bi sahu.

"Ranka shi daɗe," in ji dattijon, "ni dai ƙahwa hamsin da ɗari nis saya, kuma waɗanda anka yi cinikin gabansu suna nan da ransu."

Malamin ya russuna ya ce, "Baba, ban isa in ƙaryata ka ba. Amma takardar safiyo ta wannan layin mita 15 da mita 30 ta ba kowa. Ga turken siminti nan, ba wanda ya tsige shi."

Birkila kuwa sai rantsuwa yake yi, shi bai ƙara ko inci ɗaya a kan abin da aka ce masa ba.

Mai unguwa ya sa aka kawo dogon tef ɗin nan da ake naɗewa, mai ƙafa a fuska ɗaya, mita a ɗaya fuskar. Aka ja shi daga turken dattijo zuwa bayan sabuwar katanga: ƙafa 50 cif. Aka juya tef ɗin ba tare da kowa ya motsa hannu ba: mita 15 da santimita 24. Wuri ya yi tsit. A cikin su ukun babu wanda ya yi ƙarya, amma ga santimita 24 nan kwance a ƙasa, kowa na ganin nasa ne.

Tun ranar muke tambayar kanmu, me ya sa gari ɗaya, layi ɗaya, yake awo da harshe biyu? Da muka bi sawun abin sai muka tarar tsohon zance ne. Fiye da shekara 120 da suka wuce mil da mita sun taɓa haɗuwa a takarda ɗaya a kan sunan Sakkwato, kuma abin da aka auna a ranar ya fi fuloti girma nesa ba kusa ba.

Awon da muka gada

Kafin zuwan tef, kowa da ma'auninsa yake yawo. Masaƙi da mai sayar da ƙyalle da kamu suke awo, wato daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen dogon yatsa. Malamai su ce zira'i. Ƙaramin abu a auna shi da ɗani ko taƙi, buɗin yatsun hannu. Mahaƙin rijiya da mai igiya gaba suka sani, faɗin hannuwa biyu in an ware su, shi ya sa har yau in magana ta yi zurfi muke cewa rijiya ce gaba dubu. Gona da filin gida da taku ake bin su. Tafiya kuwa kwana nawa ce ake tambaya, ko zango nawa. Fataken da ke zuwa Gwanja ɗauko goro da zanguna da rijiyoyi suke lissafa hanyarsu.

Wannan awo yana da aibinsa, domin hannun dogo ba ɗaya yake da na gajere ba. Sai dai aibi ne da ke a fili. Mai saye yana tsaye yana kallon hannun da ake auna masa da shi. In bai yarda ba ya miƙa nasa, ko a kira na uku ya raba gardama. Daular da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa kuma ta san muƙamin muhtasibi, wanda cikin aikinsa har da sa ido kan mudu da ma'auni a kasuwa.

Kalmar mil ma ba a bakin Bature muka fara jin ta ba. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani a zaure ya haɗu da ita: tafiyar da ake yi wa ƙasaru baridi 4 ce, wato mil 48, Juma'a kuma tana wajaba ga wanda ke cikin mil 3 daga gari. Da Larabawa da Ingilishi duk daga Rumawa suka gaji kalmar, inda asalinta ke nufin taku dubu, amma suna ne kawai ya zo ɗaya. Mil ɗin fiƙihu da zira'i ake gina shi, zira'i da yatsu, yatsa kuma da ƙwayar sha'ir 6 a jere. Malaman Malikiyya sun saɓa kan yawan zira'in da ke cikin mil, wasu suka ce 2,000, wasu 3,500. Abin da aka fi ji a bakin malamai yau shi ne nisan ƙasaru ya kai kilomita 80 da 'yan kai. Wanda ya ɗauka mil ɗin Risala shi ne na Ingilishi, lissafinsa zai tsaya a kilomita 77 da ɗoriya. Ashe tun ba a zo ga maganar fuloti ba, juya awo ya shafi har sallar matafiyi.

Sanduna biyu daga Turai

Awon Ingilishi shi ma daga jiki da gona ya fito; sunan ƙafa kaɗai ya isa shaida. A tsohuwar ƙa'idarsu inci ƙwayar sha'ir 3 ne a jere, inci 12 ƙafa, ƙafa 3 yadi, yadi 1,760 mil. Inda suka bambanta da mu shi ne sun ƙera sandar tagulla suka ce ita ce yadi, suka ajiye ta a majalisarsu da ke Landan. A 1834 gobara ta cinye ginin majalisar, sandar ta lalace, sai a 1855 aka tabbatar da sabuwa.

Faransawa wata hanya suka bi. Kafin juyin juya halinsu na 1789 kusan kowane lardi da nasa awon, talakawa na kukan ana cutar su da shi. A 1791 suka yanke shawarar ɗauko ma'auni daga jikin duniya kanta: a raba nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa da ikwaita, ta layin da ya ratsa birnin Faris, gida miliyan 10, kashi ɗaya shi ne mita. Masana biyu, Delambre da Méchain, suka share daga 1792 zuwa 1798 suna awo tsakanin Dankirk a arewacin Faransa da Basalona ta ƙasar Sifaniya. A 1799 aka ƙera sandar mita da ƙarfen filatinam. Daɗin wannan awo shi ne komai goma-goma yake tafiya: milimita 10 santimita, santimita 100 mita, mita 1,000 kilomita. A 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu kan yarjejeniyar mita a Faris. Ingila ta shiga a 1884, amma a kasuwa da gona ta riƙe yadinta.

Waɗannan ƙasashe biyu ne suka zo rabon ƙasarmu, kowa da sandarsa.

Da'irar mil 100

A 1890 suka fara jan layi daga Sayi a bakin Kogin Kwara zuwa Barwa a bakin Tafkin Cadi, da sharaɗin duk abin da yake na Sakkwato zai faɗa ɓangaren kamfanin Ingila na Royal Niger. To, a ina mulkin Sakkwato ya tsaya? Nan aka yi ta ja-in-ja har ranar 14 ga Yuni, 1898, da suka sa hannu kan sabuwar yarjejeniya a Faris.

Mafitar da suka samo irin ta ɗan makaranta ce mai akwatin lissafi. Suka kafa tsinin kamfas a tsakiyar birnin Sakkwato a kan taswira, suka buɗe shi mil 100, suka zana da'ira. Iyaka za ta taso daga Kwara ta bi tsakiyar kwarin Dallol Mauri har ta ci karo da da'irar, ta bi bakanta na arewa zuwa inda ya sake yanke layin digiri 14, daga nan ta miƙe gabas mil 70, ta sauko kudu, ta sake nausawa gabas. Da yake Bafaranshe ba ya lissafi da mil, sai aka rubuta nisan sau biyu. Kusa da mil 100 aka sa mita 160,932.

Mu dubi shekarar da kyau. A 1898 Sarkin Musulmi Abdurrahman ɗan Abubakar Atiku ne ke kan gado, kuma babu tutar Ingila ko ta Faransa a birnin. Sai ranar 15 ga Maris, 1903 aka yi yaƙin Giginya. Jami'an da suka zauna a Faris sun lissafa nisan har zuwa mita biyun ƙarshe, alhali inda garin yake a taswirarsu daga rahoton matafiya aka samo shi, irin su Clapperton da ya baƙunci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, da Barth da ya zo a 1853. Ba a tambayi kowa a Sakkwato ba. Ƙasar da Arkilla ke zaune a kai, 'yan kilomitoci daga inda tsinin kamfas ya sauka, ta shiga cikin da'irar masu noma ta ba su da labari.

Da'ira tana da kyau a takarda, amma ba ta san inda rijiya take ba. Ta haɗiye Birnin Kwanni da Madawa, layin da ya biyo bayanta kuma ya bar Maraɗi a ɓangaren Ingila. Abin da ya rage wa Faransa tsakanin Kwara da Damagaram hanya ce ta arewa mai ƙarancin ruwa. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine, da Faransa ta tura zuwa Cadi, ta ratso ta cikin da'irar tana ƙona garuruwa tana kwasar abinci. A watan Mayu ta auka wa Birnin Kwanni, ta yi kisan da har yau mutanen garin ba su manta ba.

Faransa ta yi ta ƙorafi kan rashin hanya har aka sake zama. A yarjejeniyar 8 ga Afrilu, 1904, ta saki wani gata da ta daɗe da shi a gaɓar tsibirin Niyufanlan, wanda yau ke cikin Kanada, inda masuntanta ke shanya kifi. Ingila ta biya ta da wasu tsibirai a gaɓar Gini, da ɗan yanki a Gambiya, da gyaran iyakar nan tamu. A wannan karon kilomita ta yi yawa a rubutun: sabon layi zai wuce kilomita 20 arewa da Kwanni, ya je kilomita 15 kudu da Maraɗi, sannan a cikin sashe guda a koma ga mil 70 na da. Ta haka Maraɗi ta koma hannun Faransa. A 1906 aka sake gyara, Kwanni ma ta bi ta. Tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi layin a ƙasa, aka kafa turaku 148 daga Kwara zuwa Cadi, aka rattaba hannu a 1910.

Sakamakon yana nan muna gani. Ɗan Illela da ɗan Kwanni harshensu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, suna aure a tsakaninsu, amma ɗaya ya tashi da yadi da mil, ɗaya da mita da kilomita. Duk lokacin da aka rufe iyakar, kamar a 2019 da 2023, dangi da 'yan kasuwa na ɓangarorin biyu su ke biyan kuɗin wancan zane.

Abin mamaki, lissafin mita 160,932 ɗin ma yau ya gaza. Sai a 1959 Amurka, Ingila, Kanada, Ostireliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu suka daidaita cewa yadi mita 0.9144 ne cif, inci kuma milimita 25.4. Da wannan ƙa'ida mil 100 mita 160,934 ne da ɗoriya, ya ɗara na yarjejeniyar da mita biyu da wani abu. Tun daga lokacin da mita ake fassara inci. Ita kuma mitar tun 1983 da gudun haske ake tantance ta, ba da sandar ƙarfe ba.

Zamanin inci

Bayan 1903 awon Ingilishi ya shigo mana ta ƙofofi da yawa. A Kano, farkon mulkin Turawa, malaman taki ne ke bin gonaki da taku suna ƙiyasta girmansu don a yanka haraji, kafin ma'aikatan safiyo su zo da sarƙar awo. A kantunan kamfanoni irin su John Holt da yadi ake yanka akoko da alawayyo, har kalmar ta zama sunan ƙyallen kansa: yau muna cewa mun sayi yadi, ba tare da tunanin awo ba. A makaranta iyayenmu sun haddace jadawalin inci da ƙafa da yadi da mil, da bulala a kusa. A kan hanya aka kafa duwatsun mil, wasu suka zama sunayen wurare. Kano na da Mil Tara, Legas na da kasuwar Mil 12 inda albasar ƙasar nan ke sauka.

Jirgin ƙasa ma da awonsa ya zo. Dogon da ya isa Kano a 1911 ya kai Ƙaura Namoda a 1929 faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067. Bai ƙaraso Sakkwato ba. Wanda Faransawa suka shimfiɗa daga Kwatano zuwa Faraku faɗinsa mita ɗaya ne daidai. Bambancin milimita 67 ne kacal, bai kai faɗin tafin hannu ba, amma ko da layukan biyu sun haɗu, taragon wannan ba zai hau na wancan ba. Sabon dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 milimita 1,435 ne a ɓangarorin biyu. Lambar ta yi kama da ta ɓata, har sai an san cewa ƙafa 4 da inci 8 da rabi ce ta Ingila aka juya.

Sauyin da bai kammala ba

A zamanin Janar Yakubu Gowon Nijeriya ta sauya abubuwa uku a jere. Ranar 2 ga Afrilu, 1972 aka koma tuƙi ta hannun dama irin na maƙwabtanmu. Ranar 1 ga Janairu, 1973 naira da kobo suka maye gurbin fam da sule. A 1974 aka yi dokar awo da ta aza ƙasar a kan mita da kilo da lita. Biyun farko sun kama nan take, domin ba yadda mutum zai ci gaba da tuƙi a hagu shi kaɗai, ko ya kashe kuɗin da aka daina karɓa, ko da yake sunan fam da sule sun daɗe a bakinmu. Awo kuwa ba shi da ɗan sanda a bakin kowace katanga. Makaranta da ofis suka koma mita. Birkila da kafinta da tela, waɗanda a hannun ubangida suke koyon sana'a, suka ci gaba da incin da aka koya musu, suka koya wa yaransu.

Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, ta zama ta Jihar Sakkwato a 1976, gari ya yi ta faɗaɗa. Arkilla, da ke ƙaramar hukumar Wamakko a kan hanyar masana'antar siminti ta Kalambaina, tana cikin wuraren da birni ya miƙo hannu ya haɗiye. Yawancin gidajenmu bayan sauyin aka gina su. Dokar filaye ta 1978 da hekta take magana, taswirar ofis da mita ake zana ta, amma dillali hamsin da ɗari ya sani, mai saye ma shi yake tambaya.

Wanda ya zaga unguwar zai ga harsunan biyu a cakuɗe. Bulo inci 9 ne ko inci 6 a bakin mai buga shi, alhali a ƙa'idar magina milimita 225 ne da 150, ɗan ƙasa da incin gaskiya. Rodin da za a sa a cikin ginin da milimita ake kiransa, mai 10, mai 12, mai 16. Katakon rufi da bututun ruwa da ƙusa kuwa inci ne. Bakanike da milimita yake kiran sifanarsa, lamba 10, lamba 13, lamba 17, amma a jikin taya ɗaya za mu ga 195/65 R15: faɗinta milimita 195, kan gargarenta inci 15. Wayar da ke hannun mai karatu ma, in an ce fuskarta inci 6.5 ce, ana nufin santimita 16.5 daga kusurwa zuwa kusurwa. Yaran da ke buga ƙwallo da yamma ba su san dalilin da ya sa faɗin raga ya zama mita 7.32, tsayinta mita 2.44 ba, yadi 8 ne da ƙafa 8 aka juya.

Ina rarar take tafiya?

Zaman harsuna biyu a gari ɗaya ba laifi ba ne. Matsalar tana wurin fassara, domin ƙafa da mita ba sa haɗuwa a cikakkiyar lamba, mu kuma mun fi son cikakkiyar lamba. Sai a yanke wutsiyar lissafin, a ce ai ɗan kaɗan ne. Wannan ɗan kaɗan ɗin ba ya ɓacewa, wani ne ke tafiya da shi, kuma galibi wanda ya fi sanin lissafi ne.

Mu ɗauki fulotin dattijon. Ƙafa 50 mita 15.24 ce, ƙafa 100 mita 30.48. In aka ninka, filin murabba'in mita 464.5 ne. Wanda aka yanka mita 15 da 30 kuwa murabba'in mita 450 ne. Ragin ya kai 14.5, daidai da ɗaki mai ƙafa 12 da 13. Mutum ya biya kuɗin hamsin da ɗari, an ba shi sha biyar da talatin, ɗaki guda ya salwanta bai sani ba. In kuma akasin haka aka yi, kowa a layi mai gida goma ya gina da ƙafa a kan taswirar mita, na ƙarshe zai tarar mita 2.4 ta ɓace, ko daga filinsa ko daga lungun da mota za ta bi. Lungunanmu da yawa da suka tsuke, ba duka ne son zuciya ya cinye su ba. Wasu lissafi ne.

A wurin mai yadi ma haka. Mita ta ɗara yadi da santimita 8.56. Shadda mita 10, irin yadda ake yanka ta a Kwanni ko Maraɗi, yadi 11 ce saura kaɗan. Ɗan kasuwar da ya saro mita 100 yana da yadi 109 da zai sayar. In ya faɗa wa mai saye da wane awo yake yanka, cinikinsa halal ne. In kuwa ya ce "goma ce" ya yi shiru, mai sayen ya ɗauka mita ce, to an rage masa santimita 85 da ɗoriya, kuma ba zai gane ba sai ranar da tela ya ce ba za ta fitar da babbar riga da 'yar ciki da wando ba. Littafinmu mai tsarki yana da sura guda da ta buɗe da gargaɗin masu tauye awo, kuma tauyewa da shiru tauyewa ce.

Maganin bai fi lambobi huɗu ba, kowa zai iya ajiye su a wayarsa. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Ƙafa ɗaya santimita 30.48 ce. Yadi ɗaya santimita 91.44 ne. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne. Daga awon Ingilishi zuwa na mita ninkawa ake yi, in za a dawo kuma a raba. Don lissafin ka, mita ɗaya ƙafa 3 ce da inci 3 da 'yar ɗoriya, mil 5 kuma kilomita 8 ne. Lissafin ka ya isa a hira da ƙiyasin tafiya. Amma inda za a zuba siminti, ko a sa almakashi, ko a sa hannu a takarda, kada a yanke wa lamba wutsiya, kuma kada a karɓi lambar da ba a faɗi sunan awonta ba. Tun ran gini, ran zane.

Yadda aka rabu

Mai unguwa ya daɗe yana kallon tef ɗin, sannan ya sa birkila ya aza shi a kan bulo ɗaya na katangar. Santimita 22 da rabi. In an yi filasta, 24.

Ya yi murmushi ya ce, "To, kun gani? Abin da kuka faɗa a kai kaurin bulo guda na. Ku bar katanga ta zam ta ku biyu. Kai malam, in ka tashi gini ka jingina da ita, ba sai ka tada wata ba. Kai kuma Alhaji, ka yahe mai kuɗin bulo da siminti."

Dattijon ya ce ya yafe. Malamin ya ce, "Na gode, Baba, Allah ya bar zumunci." Birkila ya sauke ajiyar zuciya ya koma kan kwaɓinsa kafin ya bushe.

Kafin a watse malamin ya yago takarda daga littafin da ke hannunsa ya rubuta abin da aka yi. Da ya zo kan faɗin filin sai ya rubuta ƙafa 50, ya tsaya, ya ƙara a gefenta mita 15.24. Awo biyu ne a jere, kamar yadda aka rubuta na Sakkwato a Faris a 1898, sai dai wannan karon masu filin suna zaune a kan tabarma, an karanta musu, sun ce sun yarda, sannan suka sa hannu.